Burodi da Gishiri: Abin da Ya Girgiza Masu Kallo a Daren Jan Biki

A daren Lahadi, 2 ga Yunin 2013, tashar HBO ta Amurka ta nuna kashi na tara a zango na uku na shirin Game of Thrones, kuma mutum kimanin miliyan 5.2 ne suka kalle shi a wannan fitowa ta farko. Da ya ƙare, sunayen ma'aikata suka riƙa wucewa a kan baƙin allo shiru, babu kiɗan da aka saba rufe shirin da shi. Kafin gari ya waye, YouTube ya fara cika da bidiyoyin da ba shirin suke nunawa ba, masu kallonsa suke nunawa. Ga mai toshe baki da hannu biyu, ga mai cusa fuska cikin matashin kai, ga ƙato ya miƙe daga kujera yana zagin talabijin kamar za ta ji shi. A Twitter har shafi aka buɗe don tattara kururuwar jama'a. Da yawa suka rantse sun bar kallon shirin ke nan har abada.

Rantsuwar ba ta yi ƙarko ba. Kashin da ya biyo baya bayan mako guda ya samu masu kallo kusan miliyan 5.4, zango na huɗu kuwa ya buɗe a Afrilun 2014 da miliyan 6.6. Kuma shiri ne da ya riga ya saba wa masu kallonsa da jini: tun a kashinsa na farko an sare kan mutum, an kuma hankaɗo yaro daga tagar bene. To me ya sa mutanen da suka yi shekara biyu suna kallon irin wannan suka ruɗe a wannan dare, kuma me ya sa ruɗewar ba ta kore su ba? Amsar da na fi gamsuwa da ita ba a tarihin talabijin take ba. Tana cikin wata doka da ta girme wa talabijin da dubban shekaru, wato dokar da ke tsakanin mai masauki da baƙonsa.

Wanda ke da niyyar kallon shirin nan gaba ya yi haƙuri, dole in fasa ƙwai. An ɗauko shirin daga littattafan marubucin Amurka George R. R. Martin, waɗanda na farkonsu ya fito a 1996. Labarin wata ƙagaggiyar nahiya ne mai suna Westeros, inda manyan gidajen sarauta ke yaƙi kan gadon mulki. Robb Stark saurayi ne da mutanen arewacin nahiyar suka naɗa sarki bayan sarkin da gidan Lannister ke riƙe da shi ya sa an sare kan mahaifinsa. Domin ya tsallaka wani kogi da rundunarsa, ya yi wa mai gadar, wani tsoho mai riƙo da ake kira Walder Frey, alkawarin auren ɗaya daga cikin 'ya'yansa mata. Daga baya ya haɗu da wata mai jinyar raunatattu, Talisa, ya aure ta, ya karya alkawari. Da yaƙi ya yi tsanani ya sake buƙatar dakarun Frey, sai aka nemi sulhu: kawunsa Edmure zai auri 'yar Frey a madadinsa. Robb ya zo biki da mahaifiyarsa Catelyn, da matarsa mai juna biyu, da manyan mayaƙansa. Da isowarsu aka zagaya da burodi da gishiri suka ci, tsohon ya furta a bainar jama'a cewa suna ƙarƙashin kariyarsa.

Aka ɗaura aure, aka ci aka sha, aka raka ango da amarya ɗaki. Sai wani ya je ya rufe ƙofar zauren. Makaɗa suka sauya take, suka koma waƙar gidan Lannister, wadda ke ba da labarin yadda suka shafe wani gida da ya yi musu tawaye. Sunan waƙar, The Rains of Castamere, shi ne sunan kashin. Catelyn ta ɗaga hannun rigar Roose Bolton, ɗaya daga cikin hakiman ɗanta da ke zaune kusa da ita, ta ga sulke a ciki. Wa ke ɗaura sulke ya zo walima? Aka daɓa wa Talisa wuƙa a ciki, makaɗa suka ajiye kayan kiɗa suka ɗauki baka, Bolton ya ƙarasa Robb, aka yanka Catelyn, a waje kuma ana karkashe rundunar arewa da ta sha ta yi tatul. Ƙanwar Robb, Arya, wadda ta kwashe zango biyu tana neman hanyar komawa ga danginta, ta iso bakin ƙofa daidai wannan lokaci. Wannan shi ne abin da littafin ya kira Red Wedding, wato jan biki.

Bayanin da aka fi bayarwa shi ne an kashe jarumin labari. Gaskiya ne, amma bai isa ba. Shirin ya riga ya yi haka a Yunin 2011, sa'ad da aka sare kan Ned Stark, mutumin da hotonsa ke kan allunan tallar shirin. Kuma kuka kan mutuwar wanda bai taɓa rayuwa ba tsohon abu ne, tun da aka fara sayar wa mutane labari gutsure-gutsure. Tsakanin 1840 da 1841, lokacin da Charles Dickens ke fitar da The Old Curiosity Shop mako-mako a Ingila, wasiƙu suka yi ta zuwa masa ana roƙo ya bar yarinyar labarin, Nell, da rai. Ya kashe ta. A Disambar 1893 Arthur Conan Doyle, da ya gaji da Sherlock Holmes, ya hankaɗa shi cikin wani kwazazzabon ruwa a Suwizalan. Nacin masu karatu da tayin kuɗin masu ɗab'i suka sa ya tashe shi a 1903. A Maris ɗin 1975 shirin barkwancin Amurka M*A*S*H ya sallami kwamandan asibitin soja Henry Blake zuwa gida, a mintin ƙarshe aka sanar an harbo jirginsa, wasiƙun fushi suka yi ta kwarara.

A duk waɗannan, abin da mutane suka nuna jimami ne, irin na wanda aka yi wa rasuwa. Wanda ya kalli bidiyoyin 2013 da natsuwa zai ga wani abu daban. Fuskoki kan fara sauyawa tun ana rufe ƙofa, kafin a zubar da jinin kowa, kuma abin da ke biyo baya ya fi kama da ƙyama da ƙin yarda, irin kallon da mutum kan yi idan ya ga an aikata abin da ya ɗauka ko maƙiyi ba ya aikatawa. Da a fagen daga Robb ya faɗi, da an yi jimami an wuce.

Martin bai ɓoye inda ya samo abin ba. A hirarsa da mujallar Entertainment Weekly a lokacin, ya ambaci aukuwa biyu daga tarihin Sikotland.

Ta farko ta faru a Nuwambar 1440. Sarki James na Biyu yana ɗan shekara goma, mulki na hannun masu riƙon ƙwarya, musamman William Crichton da Alexander Livingston. Gidan da ya fi kowane ƙarfi a ƙasar shi ne gidan Douglas, kuma sarautarsa ta faɗa hannun wani yaro ɗan shekara 16, William Douglas. Aka gayyace shi da ƙanensa David cin abinci a fadar Edinbara. Bayan an ci, aka kama su, aka yi musu shari'ar je-ka-na-yi-ka, aka sare musu kai. Marubutan ƙarni na 16 sun ƙawata labarin da cewa an ajiye kan baƙin bijimi a gaban yaron, alamar mutuwa, ƙaramin sarki kuma yana kuka yana roƙo a bar su. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne wanda ya ci riba: ƙanen kakansu, James Douglas, shi ya gaji sarautar, kuma bai nemi fansar jininsu ba. Tarihi ya san wannan rana da sunan baƙar walima.

Akwai ƙarashen labarin da ba a cika haɗawa da shi ba. A Fabrairun 1452, wannan yaron sarki ya kai shekara 21, ya gayyaci sabon shugaban gidan Douglas zuwa fadar Stirling, ya ba shi takardar aminci. Bayan an ci abinci gardama ta kaure kan wani ƙawance da Douglas ya ƙulla da wasu manyan sarakai, sai sarki ya zare wuƙa ya soke shi da hannunsa, fadawa suka ƙarasa. Bayan wata guda ƙanen mamacin ya shigo garin Stirling da mayaƙa, ya ɗaure takardar amincin a wutsiyar doki, aka ja ta cikin titunan gari. Ya so kowa ya ga abin da maganar sarki ta koma.

Aukuwa ta biyu ta fi nauyi, ta kuma fi bayyana abin da nake nufi. A 1688 aka tumɓuke Sarki James na Bakwai, William na Orange ya hau gadon Ingila da Sikotland. Wasu zuri'o'in tsaunukan arewacin Sikotland suka yi yaƙi don mayar da James, suka kasa. Gwamnati ta yi shelar afuwa ga duk shugaban zuri'ar da ya yi rantsuwar mubaya'a kafin 1 ga Janairun 1692. Alasdair MacIain, dattijon da ke shugabantar MacDonald na kwarin Glencoe, ya jinkirta har ranar ƙarshe, sannan ya tafi barikin Fort William, inda kwamandan ya gaya masa ba shi da hurumin karɓar rantsuwa, sai dai ya tafi wurin alƙali a Inveraray. Ya kama hanya cikin dusar ƙanƙara, ya yi rantsuwar ranar 6 ga Janairu, alƙali ya karɓa. Ya koma gida yana ganin ya tsira. Amma sakataren harkokin Sikotland, John Dalrymple, ya daɗe yana neman zuri'ar da zai yi wa hukuncin da zai tsorata saura, kuma MacDonald na Glencoe 'yan kaɗan ne, ga su da sunan satar shanu, ga kwarinsu mai sauƙin toshewa. Jinkirin kwana biyar ya ba shi hujja.

A farkon Fabrairu sojoji kimanin 120 suka iso kwarin ƙarƙashin Kyaftin Robert Campbell na Glenlyon, suka ce bariki ya cika, suna neman masauki. Aka rarraba su gida-gida. Glenlyon ma ba bare ba ne, akwai surukuta tsakaninsa da gidan, domin ɗaya daga cikin 'ya'yan MacIain yana auren 'yar'uwarsa. Kusan mako biyu suna cin abincin mutanen, suna jin ɗumin wutarsu a tsakiyar hunturu. Ranar 12 ga wata umarni ya iso a rubuce: da ƙarfe biyar na asuba a kashe duk wanda bai kai shekara saba'in ba. A wannan daren Glenlyon ya yi karta da 'ya'yan MacIain, kuma ya riga ya amsa gayyatar cin abinci a gidan dattijon washegari. Da asubar 13 ga Fabrairu wani hafsa ya ƙwanƙwasa ƙofar MacIain, aka buɗe masa kamar yadda ake buɗe wa baƙon da aka sani, aka harbe dattijon yana tashi daga gado. Adadin da aka fi ambata na waɗanda aka kashe shi ne 38. Wasu kuma, har da mata da yara, sanyi ya kashe su a kan tsauni bayan an ƙone gidajensu. Da yawa sun tsere saboda dakarun da aka ce su toshe hanyoyin fita ba su iso a kan lokaci ba.

Mutum talatin da takwas. Shekara biyu da rabi kafin nan, a yaƙin Killiecrankie na 1689, mutum fiye da dubu biyu suka mutu cikin maraice guda, kuma ban da masu sha'awar tarihin yaƙi ba wanda ke jin ɗacinsa a yau. Glencoe kuwa har gobe zancensa ake. Dokar ƙasar ta san bambancin tun kafin abin ya faru. A 1587 majalisar dokokin Sikotland ta ware wani nau'in kisa daban da sauran, wato kashe mutumin da ke ƙarƙashin amanar wanda ya kashe shi, ta kuma daidaita hukuncinsa da na cin amanar ƙasa. Mai jin Hausa ba ya buƙatar a yi masa dogon sharhi a nan, domin harshen ya riga ya haɗa laifukan biyu a kalma ɗaya. Da surutu ya yi yawa, a 1695 aka kafa kwamitin bincike, aka yanke cewa abin da aka yi a Glencoe kisa ne, aka wanke sarki duk da cewa ya sa hannu a umarnin farko, aka ɗora wa Dalrymple laifin wuce gona da iri.

Me ya sa wannan laifi ya fi kisa a fagen daga muni? Shirin kansa ya yi tambayar. A kashin da ya biyo baya, Tywin Lannister, wanda ya kitsa makircin daga nesa, ya kare kansa da lissafi: ta yaya kashe dubbai a yaƙi zai zama mutunci, kashe 'yan tsiraru a wurin cin abinci ya zama abin kunya? Hujja ce mai kaifi, kuma tana da amsa. A ƙasar da ba ta da 'yan sanda, gaba kuma gado ce da ake bar wa 'ya'ya, hanya ɗaya ce ta kawo ƙarshen yaƙi: abokan gaba su zauna a ɗaki guda ba makami. Hakan ba ya yiwuwa sai kowa ya yi imani cewa wanda ya ci abincinka ba zai mutu a gidanka ba, kai ma ba za ka mutu a hannunsa ba. Abin da dokar 1587 ke karewa ke nan, a zamanin da gwamnati ke ƙoƙarin sasanta gabar zuri'o'i. Wanda ya kashe baƙonsa ya ci nasarar yau, amma ya toshe ƙofar sulhun gobe ga kowa da kowa, har da kansa. Lissafin Tywin ya ƙirga gawarwakin daren, bai ƙirga na yaƙoƙin da daga ranar ba wanda zai yarda ya zauna a sasanta su ba.

Ba Sikotland kaɗai ke da irin wannan tabo ba. Masu tarihin Musulunci sun ruwaito cewa a shekarar 750, bayan faɗuwar daular Banu Umayya, Abdullahi bin Ali, baffan halifan Abbasiyawa na farko, ya ba wa gomman 'ya'yan gidan aminci, ya tara su walima a Falasɗinu, ya sa aka kashe su. A Faransa, ranar 18 ga Agustan 1572 aka ɗaura auren Henri na Navarre, ɗan Furotesta, da ƙanwar sarki, 'yar Katolika, don a kawo ƙarshen yaƙin addini. Kwana shida bayan nan aka fara karkashe manyan Furotestan da suka zo biki birnin Faris, kisan ya bazu har ya ci dubbai. A Masar, ranar 1 ga Maris 1811, Muhammad Ali Pasha ya gayyaci shugabannin Mamluk bikin tura ɗansa Tusun yaƙi ƙasar Hijaz, aka rufe ƙofar wata siririyar hanya a fadar Alƙahira, aka buɗe musu wuta daga sama. Kowace al'umma da ta san irin wannan ta ajiye shi a wani wuri daban cikin tunaninta. Mu ma da muke cewa baƙonka annabinka, ba don baƙo ya fi kowa kirki muke faɗa ba.

Mai kallon da ke zaune a falonsa a 2013 bai san Glencoe ba, wataƙila ma bai lura da farantin burodi da gishirin ba. Amma ya san mene ne biki, ya san wanda aka gayyata ba a taɓa shi. Akwai kuma wani abu da ya sa abin ya soke shi kai tsaye: shi ma baƙo ne. Duk mai ba da labari mai masauki ne. Idan tsohuwa ta ce ga ta nan, yara suka ce ta zo mu ji ta, an ƙulla yarjejeniya ke nan ba tare da an faɗa ba: marainiya za ta sha wuya, amma kishiyar uwa ce za ta ji kunya a ƙarshe. Talabijin ɗin Amurka ta yi shekaru tana cika irin wannan alkawari. Da aka kashe Ned, masu kallo suka lallashi kansu cewa an buɗe hanyar labarin ɗan da zai ɗau fansar ubansa ne. Martin ya ce daidai saboda kowa na tsammanin haka ya ga dole Robb ya mutu. Ya kuma ce babu wurin da ya fi yi masa wuyar rubutawa: ya tsallake shi, ya gama sauran littafin, sannan ya dawo kansa. Da littafin, A Storm of Swords, ya fito a 2000, wasu suka rubuto masa cewa sun maka shi da bango, wasu sun jefa shi wuta.

A nan ne bidiyoyin suka fi ban sha'awa, domin tambayar da ya kamata a yi ita ce, wa ke riƙe da kyamarar? Waɗanda suka karanta littafin ne. Shekara goma sha uku suna riƙe da sirrin, kuma a zamanin da ba a iya ɓoye komai a intanet, yawancinsu suka yi gum. Da ranar ta zo suka gayyaci abokai da matan aure da 'yan'uwa, suka ba su wurin zama mai kyau, suka kawo abin taɓawa, suka jingina waya a gefe tana ɗauka. Wato a kowane falo akwai ƙaramin Walder Frey da ya san abin da zai faru idan an rufe ƙofa. A yawancin bidiyoyin ana jin dariyarsa ƙasa-ƙasa a bayan kyamara. Kwanaki kaɗan bayan haka Conan O'Brien ya kunna wa Martin wasu daga cikin bidiyoyin a shirinsa na dare, marubucin yana kallo yana dariya shi ma.

To, cin amana aka yi wa masu kallo? A ganina a'a, kuma wannan ne ya sa suka dawo. An karya abin da suka saba da shi, ba a karya ƙa'idar labarin ba. Duk wanda ya koma baya zai ga an shimfiɗa masa alamu. An ji waƙar Lannister tun zango na biyu, kuma a kashin da ya gabaci bikin Cersei Lannister ta bayyana ma'anarta dalla-dalla. A wannan kashin dai an ga ana jefa matsattsaku cikin wuta ana kiran sunan Robb cikin waɗanda ake so su mutu. Shi kansa Robb ya karya alkawari ga mutumin da kowa ya gargaɗe shi cewa ba ya yafiya, ya sare kan hakiminsa Rickard Karstark ya rasa babban ɓangaren rundunarsa, sannan ya shiga gidan wanda ya wulaƙanta yana roƙon taimako. Ya ci kowane yaƙi, ya faɗi kowace siyasa. Mai kallo da ya huce sai ya ga ba a yaudare shi ba, shi ne ya ƙi gani. Fushinsa ya tafi kan Frey da Bolton, marubutan kuwa suka samu lambar yabo ta Hugo a 2014 kan wannan kashi.

Wuri ɗaya ne nake ganin masu shirin, David Benioff da D. B. Weiss, suka sa hannu fiye da kima. A littafin matar Robb wata ce daban, Jeyne Westerling, ba ta je bikin ba, kuma ta rayu. Su ne suka kawo matar mai ciki zauren, suka sa ta ce za a raɗa wa jaririn sunan kakansa, bayan 'yan mintoci suka sa aka soke cikin. Ta haka har masu riƙe da kyamara suka sha nasu dukan. Amma wannan ƙarin ba ya faɗa mana komai game da amana. Abin da yake yi shi ne ƙara ƙarfin ihu. Kuma da alama darasin da shirin ya ɗauka daga daren ke nan, cewa ihu kasuwa ne. A Mayun 2015, da aka nuna fyaɗen da aka yi wa Sansa Stark a daren aurenta, abin da bai same ta a littafi ba, fushin ya sauya alƙibla. Claire McCaskill, sanata daga jihar Missouri, ta sanar a Twitter cewa ta bar kallon shirin. A Mayun 2019, Daenerys Targaryen ta ƙone birnin da ya riga ya miƙa wuya. Wannan ma karya aminci ne, kuma a ƙa'ida ya kamata ya tayar da irin ƙyamar 2013. Sai dai an cusa sauyin halinta cikin zango mai kashi shida kacal, masu kallo suka ga ba a shimfiɗa musu hanya ba. Cikin 'yan kwanaki fiye da mutum miliyan ɗaya suka sa hannu a takardar koke ta intanet suna neman a sake shirya zangon da wasu marubuta. Kashin ƙarshe ya samu masu kallo miliyan 19.3 a daren farko, amma a wannan karon ba wanda ke zagin Frey. Sunayen marubutan ake kira.

Kafin nan dai shirin ya biya masu kallo bashin jan biki. A ƙarshen zango na shida, a 2016, Arya ta yanka Walder Frey. A buɗewar zango na bakwai, a 2017, ta ɗauki kamanninsa, ta tara 'ya'yansa maza walima a zauren nan dai, ta shayar da su giya mai guba. Mutum ya gayyaci jama'a cin abinci, sun amince da shi, ya kashe su a kan tebur: laifin Frey ne sak. Bidiyoyin wannan daren na tafi da sowa ne.

Tarihi bai biya irin wannan bashi ba. Majalisar Sikotland ta nemi a dawo da hafsoshin Glencoe daga fagen yaƙin Turai a gurfanar da su, sarki bai dawo da su ba, kuma ba wanda ya taɓa tsayawa gaban alƙali. Glenlyon ya mutu da talauci a birnin Bruges a 1696. Dalrymple ya rasa muƙaminsa, aka yi masa afuwa, a 1703 aka ɗaga darajarsa zuwa babbar sarauta, ya kuma zama cikin waɗanda suka tsara haɗewar Sikotland da Ingila ta 1707. Kamar yadda masu kallo suka fi tsanar Frey da ya buɗe ƙofar gidansa fiye da Tywin da ya aiko da saƙo, haka sunan Campbell ya ɗauki laifin, alhali umarnin daga gwamnati ya fito, kuma ba duka sojojin ne 'yan wannan zuri'a ba. Duk ranar 13 ga Fabrairu jikokin MacDonald kan taru su ajiye furanni a gindin ginin tunawa da ke ƙauyen. A wani tsohon masaukin matafiya da ke cikin kwarin kuma akwai ɗan allo, wanda yanzu 'yan yawon buɗe ido ke ɗaukar hotonsa suna dariya, da ke cewa ba a karɓar 'yan talla, ba a kuma karɓar duk mai sunan Campbell.